Motocin Gidan Mai Raƙuma

Jiya da hantsi ina zaune bakin gareji na ji ɗaya daga cikinku yana gaya wa abokinsa wai aikin gidan nan ba shi da wuya: a hau kujera mai laushi, a riƙe sitiyari, a kunna waƙa, sai Legas. Dariya kawai na yi. Amma tunda yau kun taru, ku jikokin Alhaji Garba Mai Raƙuma, kuma da yawanku kun ce mota kuke son shiga, to ku matso ku ji yadda tirelolin nan da kuke gani jere suka zo gidan nan. Ni Ummaru, babban ɗansa, ni na fara wanke taya a gidan nan, don haka ba ji na yi ba, da ni aka yi.

Kakanku bai san mota ba. Raƙuma gare shi. Yana ɗauko kanwa da dabino daga cikin Nijar ya sauke nan Illela, ya koma da gero da goro. Wata ranar kasuwa ya tsaya yana kallo, wata babbar mota ta kwashe a tashi ɗaya abin da ayarinsa ke yi wa sawu da yawa. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Kafin damina ta faɗi ya sayar da raƙuman, ya bar ɗaya tal don kada sunansa ya zama ƙarya, ya tafi Sakkwato ya dawo da wata tsohuwar roka mai bodin katako. Ranar da ta shigo unguwa har mata sun leƙo ta kan katanga. Muka sa mata suna Goggo, don ba ta tashi da safe sai an lallashe ta, in ta tashi kuma sai ta yi tari ta yi mita kafin ta yarda ta taka.

Tunda shi bai iya tuƙi ba, sai ya ɗauko direba, Malam Bawa, wani gajeren mutum daga Gusau wanda ba ya son surutu. Kakanku ya kama hannuna ya sa cikin na direban ya ce, "Malam Bawa, ga Ummaru. In kun hita garin ga, ba ɗan mai mota na ba, yaronka na. In yai maka gardama, aje shi bisa hanya shi tako da ƙahwa."

Aikina na farko weji. Wani guntun katako ne mai kauri, mai mariƙi. Birkin hannun Goggo ba ya riƙe komai, don haka kafin ta gama tsayawa dole in diro in cusa wejin bayan taya. In na makara ta fara ja da baya, Malam Bawa ba ya zagi, leƙowa kawai yake yi ta taga ya dube ni, kuma na fi son mari da wannan kallon. Bayan weji sai guduma. Duk inda muka tsaya sai na zagaya na bubbuga kowace taya. Mai iska tana amsawa da ƙarfi, wadda ta fara sacewa sai ka ji ta amsa a mace. Daga nan in taɓa tsakiyar kowace ƙafa da bayan hannu in ji ko ta ɗauki zafi. Ku yanzu fitila ce ke kama muku a gaban sitiyari. Mu kunne da hannu da hanci ne fitilunmu.

Akwatin kayan aikinmu yana ƙarƙashin bodi, har yau zan iya lissafa abin da ke ciki ido rufe. Jak, wilsifana ta kwance notin taya, da wani dogon bututun ƙarfe da muke zura mata don ƙarin ƙarfi, in noti ya ƙi sai in hau bututun in yi ta tsalle. Liba biyu na ɓare taya, sarƙa, igiya, yankakkun tsohon tif, robar cikin taya. Da sabulu, ba na wanka ba: in tankin gas ya tsage, sabulu ake murzawa a toshe har a kai gari. In lagireto, tankin ruwan injin, ya fara yoyo kuma, garin taba ake zuba masa. Kada ku yi dariya, da waɗannan aka gina ɗakunan da aka haife ku.

Na daɗe ina wanki da ɗaurin tamfol da dafa shinkafa a gefen hanya kafin in taɓa sitiyari. Wata rana muna dawowa ba kaya, mun wuce Gwadabawa, sai Malam Bawa ya gangara gefe ya tsaya, ya matsa ya ce, "Zo nan." Giyar Goggo ba ta shiga sai ka taka kuloci sau biyu, ka ba ta ɗan wuta a tsakani. Na tura, ta yi wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Ya ce, "Mi ta yi maka? Kana jin tana kuka kana dannawa? Saurara mata, ita ka hwaɗa maka lokaci." Na sake, na saurara, giya ta faɗa da kanta kamar an sa cokali a man shanu. Da muka shigo Illela kakanku yana zaune ƙofar gida. Ya ga wanda ke tuƙi, ya miƙe tsaye, ya koma ya zauna, ya ce a kawo wa Malam Bawa fura.

Lodin shanu shi ne ya fara ɗaga mu. Ba zan manta tafiyata ta farko ni kaɗai da shanun Sambo ba, wani Bafulatani dogo mai fataucin shanu zuwa kudu. Kafin saniya ta hau, sai an shimfiɗa yashi da kara a ƙasan bodi don kada kofato ya zame. A jera su kan wannan wajen wutsiyar waccan, a ɗaure ƙaho jikin katako, makiyaya su hau sama su zauna kan sanduna suna lura. Direban shanu ba ya taka birki da ƙarfi, ba ya shan kwana da gudu, ba ya tsayawa cin abinci a rana. Mun kusa Kontagora da tsakar rana sai na ji ana dukan rufin mota. Wani farin bijimi ya kwanta. In ka bar shi a haka, 'yan'uwansa za su tattake shi kafin a kai gari na gaba. Na samu inuwa na tsaya. Muka zura igiya ta ƙarƙashin cikinsa, mu huɗu muna ja daga sama, ya ƙi motsi. Sambo ya ce mu dakata. Ya sauka cikin shanun nan, ya tsuguna, ya kama kunnen bijimin yana yi masa magana da Fillanci a hankali, yana shafa wuyansa, ya fesa masa ruwa a fuska. Sai ya ɗaga kai ya ce, "To, ku ja yanzu." Muka ja, bijimi ya miƙe yana huci. Muka kai su duka a tsaye. Da muka sauke, Sambo ya ce, "Ummaru, na hau motoci da yawa. Kai kaɗai na ga kana tuƙi kamar kana ɗauke da ƙwaryar nono." Daga ranar bai sake ba wani lodinsa ba, kuma ya jawo mana danginsa kaf. Da shanun nan aka sayi mota ta biyu.

Albasa kuma wata makaranta ce daban, malamarmu kuwa Hajiya Kulu ta Kalmalo. Mace ce mai jiki da murya, ba ta aika yaro ya bi kayanta, ita da kanta take shiga gaban mota da kwanon goronta. Ita ta koya mini cewa albasa numfashi take yi. In ka lulluɓe ta da tamfol ka ɗaure tam, ta gumu, kafin ka kai kasuwa ruwa na ɗiga daga buhu. In ka bar ta buɗe ruwan sama ya same ta, nan ma ta tafi. Don haka idonka ɗaya kan hanya, ɗaya kan sama: a rufe in hadari ya taso, a buɗe da ya wuce.

A wata tafiya da ita, mun wuce Mokwa, na faɗa wani rami sai na ji ƙas! Mota ta karkata. Sifirin na baya ya karye, ga cikakken lodi, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Allah Ya sa ƙanena Sani yana cikin motar, lokacin ya gama koyon kanikanci ke nan. Ya leƙa ƙarƙashi ya fito ya ce, "Yaya, ba ni adda." Ya shiga daji ya saro wani kututture, muka ɗaga mota da jak, ya sassaƙa shi ya cusa inda sifirin ya karye, ya naɗe da sarƙa, ya bi da yankakken tif ya ɗaure tamau. Ni ina ta duban sama. Hajiya Kulu ta sauko ta shimfiɗa ɗankwali gefen hanya ta zauna, ta ɓare goro ta ce, "Ku yi aikinku, ɗiyana. Ni ina nan ina hira da hadarin ga, na ce mai shi dakata." Ko hirar ce ta yi aiki ko iska ce ta juya, ban sani ba, amma ɗigo bai sauka ba sai da muka ɗaure tamfol muka tashi. Muka lallaɓa kamar masu rakiyar mara lafiya har gari na gaba, aka sa sabon sifirin. Albasa ta isa lafiya, ko buhu ɗaya bai yi ruwa ba. Hajiya ta koma Kalmalo ta ba da labarin kututturen nan a gidan suna da gidan biki, har ya fi yadda aka yi daɗi.

Haka gidan ya yi ta girma, ba da tsalle ba. Sani ya kafa garejin nan, ya zama ba ma kai mota wajen kowa. Ƙanwarmu Indo ta sayar da tumakinta ta ce a sa mata hannu a mota ta uku, daga baya ta zama ita ke magana da masu kaya, don ta fi mu iya baki, kuma ba a yi mata wayo. Muka bar bodin katako muka koma tirela. Muka fara tsallakawa Birnin Ƙwanni, mu kai siminti da kayan masarufi, mu ɗauko wake da aya da dabbobi. Da kakanku ya rasu, malamai suka raba gado kowa ya san nasa, sannan mu uku muka zauna muka ce motoci dai ba za a raba musu gareji ba. Goggo ta yi aiki har ta gaji. Bodinta ne waccan rumfar da mai shayi ke zama.

Sai shekarar da aka rufe boda. Kun san garin nan da boda yake numfashi. Rana ɗaya aka sa shinge, masu canjin sefa suka naɗe tabarminsu, 'yan dako suka koma gindin bishiya. Motocinmu suka tsaya a filin nan har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsu. Mota in ta tsaya lalacewa take yi: batir ya mutu, taya ta tsattsage, ɓera ya ci waya. Ga direbobi da yaransu, kowa da iyali, kullum da safe sai su zo su gaishe mu su zauna.

Abin da ya fi damunmu, sabuwar tirelarmu, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, tana can Ƙwanni. Yayanku Nura, ɗan Sani na fari, shi ya tsallaka da ita zai ɗauko wake, aka rufe yana ciki. Na kira shi a waya na ce ya kulle ta a wani gida ya san yadda zai dawo. Ya ce, "Bappa, ku kunka ce direba ba ya barin motarshi. In na taho, wa za ya tashe ta da sahe?" Gaskiyarsa ce, ni na faɗa masa haka.

Wani dillali ya fara zarya gidan nan yana cewa mu sayar da motoci tun suna da daraja. Ni kaina na fara lissafin mu rage biyu mu sallami wasu direbobi. Muka zauna mu uku a zauren nan. Sani yana ta juya wani noti a hannu. Indo ta ce, "Yaya, mutanen ga da kaka son sallama, wane za ka fara kira? Wanda yat tuƙa gawar Baba zuwa maƙabarta, ko wanda munka yi ma aure bara? Boda aka ruhe, ba a ruhe Najeriya ba. Ku ba ni mota guda da mai, in tai Kalmalo."

Ta tafi ta samu Hajiya Kulu, lokacin ta tsufa ba ta fita, amma maganarta ba ta tsufa ba. Hajiya ta aika aka tara manoman albasa da masu busasshen kifi na bakin tafki, ta ce duk mai kayan da zai yi kudu, motar gidan Mai Raƙuma zai sa. Muka bi ƙauyuka, Lafani da kewaye, muna tattara gero da wake buhu biyar nan, goma can, aikin da da muke ganin ya yi wa tirela ƙanƙanta. Muka ɗauki yashi, muka ɗauki taki, har kujerun makaranta mun kai. Direbobi suka yarda a riƙa karɓa-karɓa, wannan ya yi sawu ya sauka wancan ya hau. Ba a ci nama sosai ba a shekarar nan, amma ba a sayar da ko taya ba, kuma ba wanda aka ce ya tafi gida.

Can Ƙwanni kuwa, Nura ya sauka gidan Alhaji Isuhu, mai waken da ya je ɗauka. Mutumin kirki, ya ba shi ɗaki, ya ba motar wuri. Da zaman ya yi tsawo, Alhaji Isuhu ya ce bai ga dalilin da lafiyayyar mota za ta zauna ba alhali albasar Galmi na neman mai kai ta Yamai. Sai dai ana bukatar izini daga hukumar can, Nura kuwa ba ya jin Faransanci ko na gaisuwa. Alhaji ya haɗa shi da 'yarsa Rabi, wadda ta yi karatu kuma ita ke riƙe masa shago, ta riƙa raka shi ofis tana yi masa tafinta. Aka samu izini, mota ta fara aiki. Nura ya riƙa kira yana ba mu labarin hanyoyin can, yana cusa kalmomin Faransanci a magana muna yi masa dariya. Na lura dai kowane labari sai an ce "Rabi ta ce".

Wata rana bayan la'asar ya kira ni, ya yi ta gaisuwa ba ta ƙarewa. Na ce, "Nura, mi ya lalace? Giya ko injin?" Ya ce, "Bappa, mota lahiya lau take. Wata magana ta, ina jin kunyar Baba." Na ce, "Ita ta yarda?" Ya ce, "Ita tac ce in kira ka." Na je na samu Sani a ƙarƙashin mota na gaya masa. Ya turo kai waje ya ce, "Awo. Na san za a yi haka tun da yad daina tambayar yaushe za a buɗe."

Ba gidan da ke Illela da ba shi da dangi a Ƙwanni. Ɗan kawunmu da ke can shi ya kai goro, shi ya karɓa wa Nura aure, mu muna nan zaure an sa waya a tsakiya muna amsa fatiha. Amma Alhaji Isuhu ya ce 'yarsa ba za ta bi ta hanyar daji kan babur kamar kayan sumoga ba. Ta babbar ƙofa za ta shiga gidan mijinta, ko yaushe aka buɗe.

Ranar da aka buɗe, tun da safe muka fitar da motocin gidan nan kaf, an wanke su, muka jera su gefen hanya kusa da shinge. Rabin gari ya fito. Can sai ga tirelar Nura ta ɓullo daga wajen Ƙwanni, an ɗaura mata ganye da ƙyallaye a madubi. Jami'in kwastan ya ɗaga hannu, Nura ya tsaya. Jami'in ya ce, "Direba, me ka ɗauko?" Nura ya ce, "Ranka shi daɗe, hau ka gani." Ya taka ya leƙa. Gado ne da katifa, kabad, jeren kwanoni, buhunan wake a can gaba, ga mata 'yan rakiya zaune cike da bodi. Suna ganin hularsa suka saki guɗa gaba ɗaya, har ya kusa zamowa. Ya sauko yana dariya ya ce a ɗaga shinge. Direbobinmu suka danna oda a tare, ban taɓa jin ƙara irin ta ranar ba.

Na buɗe ƙofa na ce wa Nura ya matsa. Amarya tana gaba a lulluɓe tare da gwaggonta, ta gaishe ni a hankali. Ni na tuƙo su zuwa gida, a giya ta ɗaya, yara na bin mu da gudu. Indo tana gaba cikin mata tana rawa, ita da ke cewa ƙafa na damunta. Yau Rabi ce ke riƙe da harkarmu ta Ƙwanni, duk takardar da ke da Faransanci hannunta take bi, kuma rabin lodin da muke samu daga can ta dalilin gidansu ne.

Sani kuwa bai shiga cikin taron ba. Tun daga shinge yake tafe a ƙasa gefen injin, ya karkata kai, hannunsa a baya, har ƙofar gida. Da na kashe mota Nura ya diro ya tsuguna gabansa. Uban bai dube shi ba tukuna. Ya buɗe gaban mota, ya zaro sandar gwada baƙin mai, ya goge da bakin rigarsa, ya mayar ya sake zarowa, ya murza man tsakanin yatsu ya shinshina. Sannan ya juyo, ya miƙa wa ɗansa hannu ya tashe shi, ya ce, "Ka riƙe ta da kyau. Tashi ka shigo da ɗiyar mutane, rana na dukanta."